Kogin da ya raba Kaduna, da zancen ko za a sake haɗuwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A Kakuri aka haife ni, mahaifina tsohon ma'aikacin masaƙa ne. Bayan rikicin shekarar 2000 muka tattara muka koma Rigasa. Tun zaɓen 2023 ni da yayana ba ma ga-maciji, saboda kowa da jam'iyyar da ya yi. Akwai kuma abokina na yarinta, Kirista ne, mahaifinsa abokin aikin mahaifina, yanzu suna Sabon Tasha. Mun gaya wa juna baƙaƙen maganganu a Facebook har kowa ya toshe kowa. Malam, ka daɗe kana koyar da ilimin siyasa, ka kuma zauna a kwamitocin sulhu. Don Allah, al'ummar da ta rabu haka tana warkewa kuwa, ko dai mu haƙura kowa ya kama gabansa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Tana warkewa, amma da tabo. Kuma maganin da aka fi tallatawa, wato a tara mutane a zaure a yi musu wa'azin haɗin kai, shi ne mafi rauni a cikin magungunan. Kafin mu je can bari in kwance ƙunshin da ka kawo, domin ciwo biyu ne a ciki. Abin da ke tsakaninka da yayanka daban ne da abin da ke tsakaninka da abokinka, ko da yake zaɓe ɗaya ne ya fama su duka.

Na farkon, don sauƙin bayani, ina kiransa ciwon Kano. Duk wanda ya ce maka siyasar da ta fi ta yanzu ladabi, to bai zauna da tsofaffi ba. Tun da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, gabar da ke tsakaninta da NPC ta kai ana kai mutum gaban alƙali a ɗaure shi ko a yi masa bulala saboda lacca. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku a kan haka. Da aka zo Jamhuriya ta Biyu, PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, ba a je ko'ina ba ta dare gida biyu, santsi da taɓo. A nan Kaduna, Balarabe Musa ya yi mulki babu kwamishina ko ɗaya, domin majalisar da NPN ke da rinjaye a cikinta ta ƙi amincewa da sunayen da ya aika, daga ƙarshe ta tsige shi a watan Yunin 1981. Wata mai bi masa, ranar 10 ga Yuli, tarzoma ta ɓarke a Kano bayan takardar tuhumar da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan harkar siyasa. Yau kuma ga Kwankwasiyya da Gandujiyya, gabar mutum biyu da suka yi gwamna da mataimaki tare har sau biyu.

To amma duk da wannan ɗauri da jini, ka taɓa jin an ce unguwa kaza ta 'yan santsi ce, ɗan taɓo ba ya kwana a cikinta? Birnin bai tsage biyu ba. Wanda kuka zagi juna a wurin lacca da yamma, shi ne kafaɗarsa ke gugar taka a sahun asuba, ƙanwarsa tana auren ɗan baffanka, rumfarsa tana jikin taka a Kantin Kwari. Kai ɗan masaƙa ne, ka fi ni sanin cewa yadi ba ya zama yadi sai zaren kwance ya ratsa na tsaye. In ka jera zare dubu duk a tsaye, ƙaramin yaro ma zai raba su da yatsa. A Kano jam'iyya zare ɗaya ce, ga na addini da na aure da na kasuwa da na maƙwabtaka duk sun ratsa ta. Hatta sauya sheƙar nan da muke raina 'yan siyasa a kanta tana da nata amfanin da ba a faɗa: layin gaba ba ya tsayawa wuri ɗaya har ya yi saiwa. Wanda ka rantse ba za ka ƙara gaisawa da shi ba, baɗi kuna iya tsintar kanku ƙarƙashin tuta ɗaya saboda iyayen gidanku sun shirya a Abuja. Abin da ke ba ni tsoro a Kano yanzu shi ne yadda aka jawo masarauta cikin rigimar. An raba ta biyar a 2019, an tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu a Maris na 2020, an mai da shi a Mayun 2024. Gidan da ya kamata a kai ƙarar masu faɗa ya zama abin da ake faɗa a kansa. Wannan zare ne mai kauri ake tsinkewa, kuma duk ɓangarorin biyu sun sa hannu a tsinke shi.

Ciwo na biyu shi ne namu na Kaduna, kuma ya fi zurfi nesa ba kusa ba. A nan zaren duk sun koma tsaye. In na ji sunan mutum, sau da yawa zan iya cankar addininsa, ɓangaren kogin da yake kwana, makarantar da 'ya'yansa ke zuwa, da inda ya dangwala ƙuri'arsa. Abu huɗu sun hau kan layi ɗaya. Idan aka kai nan, zaɓe ya tashi daga gardama kan wa zai gyara hanya da asibiti, ya zama ƙidayar mu nawa ne, su nawa ne.

Ba dare ɗaya aka kai nan ba. An fara da Kafanchan a Maris na 1987, daga kwalejin ilimi wutar ta bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa. Sai Zangon Kataf a Fabrairu da Mayun 1992. Sai rikicin shari'a na Fabrairu da Mayun 2000 wanda ya tashe ku daga Kakuri, inda aka rasa rayuka fiye da dubu. Sai na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002. Sai na bayan zaɓen Afrilun 2011, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci mutum fiye da 800 cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, mafi yawansu a jihar Kaduna. Bayan kowane ɗaya, sai an sake yin ƙaura. Musulmin da ke Television da Sabon Tasha da Unguwar Romi ya sayar da gida a wulaƙance ya haura Tudun Wada ko Rigasa, Kiristan da ke Rigasa da Tudun Wada ya yi irin wannan ciniki ya gangara kudu. Ba zan ga laifin kowa ba, mai iyali tsira yake nema. Amma sakamakon shi ne garin da har ake yi wa ɓangarorinsa laƙabi da Makka da Urushalima.

Akwai abin da masu sharhi ke yawan tsallakewa, kai kuwa a gidanku ya faru. A daidai shekarun da ake wannan ƙaura, masaƙu ke mutuwa. Masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, UNTL a 2007. Waɗannan masaƙu su ne babban zaren kwancen Kaduna. Dubban mutane, Bahaushe da Bajju da Bayarabe da Ibo da Katab, suna shiga ƙofa ɗaya da safe, suna ƙungiyar ƙwadago ɗaya, suna yajin aiki tare a kan albashi, suna adashi tare. Idan jita-jita ta tashi cewa ana yanka mutane a unguwa kaza, akwai wanda zai ce, “Ƙarya ne, yanzu abokin aikina ya fito daga can.” Yau yaron da aka haifa a Rigasa bayan 2000 yana iya gama sakandare bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da Kirista ba, haka takwaransa na Gonin Gora bai taɓa shiga gidan Musulmi ba. Abin da kowannensu ya sani game da ɗayan, a waya ya gani, ita kuwa waya mafi munin mutanen can take kawo maka.

Yanzu ga tambayar da ya kamata a yi kafin a yi zancen magani: me ya sa mutum zai yarda ya kashe ko a kashe shi a kan kujerar da ba shi zai hau ba? Mutanenmu ba wawaye ba ne. Sun lura cewa a tsarinmu wanda ya ci zaɓe ya cinye duka, wanda ya faɗi ko romo ba ya gani. Ɗauki kujerar shugaban ƙaramar hukuma, wadda ake gani ƙarama. Daga ofishinsa takardar shaidar ɗan asalin wuri ke fitowa, ita kuwa takardar nan da ita ake neman gurbin jami'a, tallafin karatu, aikin soja da na ɗan sanda. Shi ke da ta cewa a kan rumfunan kasuwa da tashar mota. Rikicin Zangon Kataf a kan mayar da kasuwa wani wuri ya fara. Na Jos a Nuwamban 2008, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka, a kan zaɓen shugaban ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ne, wadda aka ƙirƙira a 1991. Muddin faɗuwa zaɓe na nufin a rufe wa 'ya'yanka ƙofa shekara huɗu ko takwas, wa'azi ba zai hana ka kallon maƙwabcinka a matsayin barazana ba.

Saboda haka farkon magani a wurina shi ne a rage tsadar faɗuwa. Mun ga an gwada a nan gida. Bayan wutar 2000, gwamnatin Ahmed Muhammad Maƙarfi ta yi abu biyu da nake ganin sun fi tarurruka ɗari amfani. Ta ƙirƙiro masarautu da dama a kudancin jihar, al'ummomin da suka daɗe suna kukan cewa ana mulkinsu daga Zazzau ko Jama'a suka sami sarakunansu. Sannan a ƙarshen 2001 ta tsara kotuna yadda Musulmi ke da kotun shari'a, wanda ba Musulmi ba ke da kotun gargajiya, ga kuma kotunan gama-gari. Babu ɓangaren da ya sami duk abin da yake so, an zage shi a masallaci an zage shi a coci. Amma daga ƙarshen 2002 har zuwa 2011 garin Kaduna bai sake ganin tarzoma irin waɗancan ba. Alamar sulhu na gaske ke nan a idona, kowa ya tashi yana ɗan gunaguni.

Akwai kuma rabon da ba a rubuta ba. Daga 1999 an saba gwamna Musulmi, mataimaki Kirista, har ta kai Patrick Yakowa ya zama gwamna a 2010 lokacin da Namadi Sambo ya tafi mataimakin shugaban ƙasa. A 2019 aka sauya, aka yi tikitin Musulmi biyu, aka maimaita a 2023 a jiha da tarayya. Doka ba ta hana ba, an kuma ci zaɓe, masu kare abin suna cewa cancanta ake dubawa. Na san da yawa cikin masu karanta wannan ba za su ji daɗina ba, amma ra'ayina shi ne an biya farashin da ba a lissafa ba. An nuna wa 'yan siyasa cewa ana iya cin Kaduna ba tare da an haye kogi neman ƙuri'a ba, an nuna wa na hayin cewa ba a bukatarsu. Kafin ka yi fushi, tuna cewa wannan kukan shi ne Musulmin Jos ke yi shekara da shekaru a Filato, kuma in muka ji shi daga bakinsu muna cewa gaskiya ne. Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin 1979 sun fahimci wannan haɗari, su da suka ga yaƙin basasa da idonsu. Shi ya sa suka ce yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba, sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya sami kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi, gwamna kuma a ƙananan hukumomi. Manufar ita ce a tilasta wa mai neman mulki ya je roƙo gidan da ba nasu ba.

Misalin waje da ya fi kama da namu shi ne Arewacin Ayilan, da ke ƙarƙashin Birtaniya. Katolika da Furotesta, ɗariku biyu na Kirista, sun shafe kusan shekara talatin suna kashe juna, an rasa mutum wajen 3,500. Yarjejeniyar 10 ga Afrilu 1998 ba ta nemi su so juna ba. Ta ce dole a yi gwamnati tare, shugaba daga ɓangare ɗaya, mataimaki mai iko daidai da nasa daga ɗayan. Aka sake fasalin 'yan sanda a 2001, aka yi shekaru ana ɗaukar sababbi rabi da rabi. A 2007 Ian Paisley na ɓangaren Furotesta da Martin McGuinness na ɓangaren Katolika, waɗanda a da ko gaisawa ba sa yi, suka zauna ofis ɗaya. Har yau akwai katangu tsakanin wasu unguwannin Belfas, babban birnin yankin, yawancin yara makarantu daban suke zuwa, gwamnatin haɗin ta sha rushewa ana sake ɗaga ta. Tabon ke nan da na ce maka. Amma an daina binne mutane kowane mako.

Abu na biyu shi ne gaskiya da hukunci, kuma a nan ne muka fi gazawa. Mun iya kafa kwamiti. Bayan kusan kowane rikici an kafa na bincike, an ji shaidu, an miƙa rahoto an ɗauki hoto. Kwamitin Oputa da Obasanjo ya kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam ya karɓi koke wajen dubu goma, ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba, tsofaffin shugabannin ƙasa uku kuma sun ƙi bayyana a gabansa. Kwamitin Shaikh Ahmad Lemu ya binciki rikicin 2011, amma ka tambayi mutanen Zonkwa ko Kafanchan ko Zariya mutum nawa suka ga an hukunta. Inda aka yi hukuncin ma, kamar kotun musamman ta Zangon Kataf da ta yanke wa Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa kafin a sassauta, ɓangare ɗaya ya ɗauke shi zalunci, ɗayan ya ɗauki sassaucin zalunci. Darasin da matashi ya koya daga duk wannan shi ne kisa a cikin taro ba shi da mai shi. Afirka ta Kudu, bayan mulkin wariyar launin fata, ta ce afuwa sai ga wanda ya fito ya faɗi abin da ya yi dalla-dalla, mutum fiye da 7,000 suka nema, 849 aka ba. Ruwanda, bayan kisan 1994, ta kafa kotunan gargajiya na gacaca fiye da 12,000 a ƙauyuka, suka saurari shari'a kusan miliyan biyu kafin a rufe su a 2012. Duka biyun suna da aibu mai yawa, na Ruwanda ma an yi shi ne ƙarƙashin gwamnatin da ba ta jure suka. Sai dai a ƙalla an kira sunan mamaci an kira sunan wanda ya kashe shi.

Na taɓa zaman sulhu a wani gari da ba zan ambata ba. Kwana biyu ana jawabai, kowa ya karɓi lasifika sai ya ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, a yi tafi, a ci shinkafa, a karɓi kuɗin mota. Rana ta uku wata dattijuwa ta miƙe daga baya ta ce ita ba jawabi ya kawo ta ba, so take a nuna mata inda aka binne ɗanta. Zauren ya yi tsit. Mu masu shirya taron muka rikice, don ba ya cikin jadawali. Da yamma muka roƙi kowane ɓangare ya rubuto sunayen mutanensa da aka kashe, washegari muka musanya takardun, liman ya karanta sunayen Kiristoci, fasto ya karanta na Musulmi. Da yawa a zauren ranar suka fara jin cewa ɗaya ɓangaren ma ya yi asara, domin kowa lissafin gawarsa kaɗai yake riƙe da shi. Ban ce garin ya warke ba, an ma sake ɗan taɓa rikici daga baya. Amma dattijuwar an kai ta wurin, wani daga ɗaya ɓangaren ne ya yi mata jagora da dare. Ayar sulhu a Suratul Hujurat ba ta tsaya a kan a sasanta ba, ta ce a sasanta da adalci. Mu mun riƙe rabin farko.

Takardun yarjejeniya fa? Suna da amfani, amma kada ka ɗora musu kayan da ba za su iya ɗauka ba. Ranar 22 ga Agusta 2002 shugabannin addini 22, Musulmi 11 Kirista 11, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Wata uku bayan nan garin ya kama da wuta. A ɗaya hannun, yarjejeniyar Abuja ta Janairun 2015 da 'yan takarar shugaban ƙasa suka sa wa hannu, da kai-komon kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar da Bishop Matthew Kukah, sun share hanyar wayar da Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari ranar 31 ga Maris. Wanda ya ga 2011 ya san rayuka nawa wayar nan ta tsare. Bambancin shi ne a 2015 waɗanda suka sa hannu su ne masu iko da magoya bayan da ake tsoro, kuma mai faɗuwa ya sami tabbacin ba za a wulaƙanta shi ba.

Sai batun cuɗanya, wanda ya fi shafarka. A nan akwai binciken da nake so kowane mai shirya taron zaman lafiya ya sani, don a garinmu aka yi shi. Wasu masana biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun tara samari Musulmi da Kirista daga unguwannin Kaduna masu fama da rikici aka koya musu kwamfuta na mako 16. Ta hanyar ƙuri'a aka raba su, wasu aji a gauraye, wasu aji na addini ɗaya zalla. Babu wa'azin zaman lafiya a ciki, karatu kawai. Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya ba mutane mamaki. Ra'ayin samarin game da ɗaya addinin bai canza ba, mai ganin su da mugun hali yana nan yana gani. Amma da aka ba su kuɗi su raba da wani wanda sunansa ke nuna addininsa, 'yan ajin gauraye ba su nuna bambanci kamar 'yan aji zalla ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tushen wannan tazara: 'yan aji zalla ne suka ƙara son kai, har suka zarce waɗanda ba su shiga karatun ba sam. Wato zama da naka kaɗai, ko ba a zagi kowa ba, yana ƙara kaurin katanga. Ka auna wannan da makarantunmu da unguwanninmu da zaurukanmu na WhatsApp.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne kada a jira zuciya ta canza kafin a yi hulɗa. Hannu ke riga zuciya. Shi ya sa na fi ganin amfanin gwamnati ta gina makarantar sana'a mai kyau ko kasuwa a kan iyakar unguwanni biyu, ko ta farfaɗo da masana'anta ɗaya da za ta ɗauki mutum dubu biyu, a kan ta kashe kuɗin a otal ana taron bita. A Panteka, mai neman wanda ya iya walda ba ya tambayar inda yake ibada. Kakanninmu ma sun san wannan dabara ta wata fuskar. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarabawa, Katsinawa da Nufawa, hanya ce ta mayar da tsohuwar gaba abin dariya, a faɗi baƙar magana ba a zare wuƙa ba. A Nijar sun ɗauki abin da muhimmanci har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014. Ba mu ƙirƙiro irinsa tsakanin Rigasa da Sabon Tasha ba, kuma ba abu ne da gwamnati ke kafawa da doka ba.

Ka san labarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, amma yawanci ana ba da shi kamar tatsuniya, a tsallake wahalar. A rikicin 1992 kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, kuma Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya yi shekaru suna aiki tare yana raya kashe abokin nasa a zuci. Cikin abubuwan da suka fara karya shi akwai zuwan da Ashafa ya yi duba mahaifiyarsa a asibiti. Ba muhawara ce ta haɗa su ba, har yau kowa na kan aƙidarsa daram. Daga baya su ne suka shiga tsakani a Yelwan Shendam ta jihar Filato bayan kashe-kashen 2004. Kuma kowannensu ya fi shan suka daga nasa mutanen, ana ce masa ya sayar da addini.

Wannan sukar ita ce kuɗin shiga, kuma a nan yawancinmu ke ja da baya. Tsawata wa na can ba jarumta ba ce, tafi ma ake yi maka. Aikin yana wurin da ɗan zaurenku zai turo hoton gawarwaki ya ce jiya aka yi a wuri kaza, kai kuwa ka gane tsohon hoto ne daga wata ƙasa, ka ce masa ya cire. Za a kira ka munafuki. Ka tuna masa aya ta shida ta Suratul Hujurat ɗin nan dai, wadda ta ce a bincika labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci. Sojojin baka da ake saya wa fili a rediyo, da masu shafukan da ke cin abinci da fushinka, sana'a suke yi, ranar da gari ya lafa kasuwarsu ta faɗi. Iyayen gidansu kuwa kana ganinsu a ɗaurin auren 'ya'yan juna suna rungume-rungume.

To, kai fa? Na yayanka mai sauƙi ne, kada ka mai da shi babba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai halatta wa Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, ya kuma ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Kai ne ƙarami, kai za ka je. Kada ka je da niyyar a warware wa ya yi daidai a 2023, wannan shari'ar ba ta da alƙali. Je ka da maganar da ta shafe ku biyu, maganin Baba ko kuɗin makarantar wani ƙane, ku sa hannu a abu ɗaya. Mutanen da kuka ɓata dominsu wataƙila kafin zaɓe mai zuwa suna jam'iyya ɗaya.

Na abokinka zai ɗauki lokaci, kuma kada ka fara shi a Facebook, inda kowannenku ke magana 'yan kallo na bayansa suna zuga shi. Nemi lambarsa ka kira. In ka ji an yi musu rasuwa ko haihuwa ko wani na kwance, wannan ce ƙofarka, ka shiga mota ka haye gada da rana ka je da ƙafarka. Idan ya ɗauko zancen zaɓe, bar shi ya kai aya. Zai faɗi abin da zai ƙona maka rai, wani ƙarya ne da ya ji a nasu zauren, wani kuwa gaskiya ne da ba a faɗa a naku. Ka amsa na gaskiyar, ka ce haka ne, sannan ka faɗi naka, har da yadda kuka bar Kakuri da abin da kuka bari a can. Mai yiwuwa bai taɓa ji daga bakin wanda abin ya shafa ba. In mahaifinsa na da rai, fara da gaishe shi, ka kai masa gaisuwar Baba. Ka tambaye shi sashen da ya yi aiki a masaƙa, da ko an biya shi haƙƙinsa na sallama bayan an rufe. Ina kyautata zaton amsar da zai ba ka ita ce wadda ka saba ji a gidanku.